Hana Hajiya mai da suga ba zai kashe ciwon dajin da yunwa ba

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Bari in ɗan maimaita abin da kika rubuto don mai karatu ya san inda aka dosa. Kin ce an gano mahaifiyarku na da ciwon dajin nono, an fara mata kemo har an yi zagaye biyu, sai aka turo miki wani bidiyo a WhatsApp wani mutum yana bayani wai ƙwayar daji da mai take gina tantanin da ya lulluɓe ta, suga kuma shi ne abincinta, don haka in aka hana ta su biyun yunwa za ta kashe ta. Shi ne kika cire manja da man gyaɗa da nama da madara da suga daga abincin Hajiya, tuwo ma kin rage mata, sai miyar ganye ba mai. Yanzu ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta, kina tambaya ko ramar alama ce ciwon ne yake ƙonewa.

A'a wallahi, ba alamar haka ba ce. Dan Allah yau ɗin nan ki mayar mata da abincinta, kafin ma ki gama karanta wannan dogon bayanin nawa. Ni aikina shi ne duba naman da likitocin tiyata suka yanko, in yanka shi siriri in sa a madubin likita in faɗi ko daji ne ko ba shi ba ne, kuma in shi ne wane iri, to wannan tantanin da mai bidiyon yake magana a kai kusan kullum sai na kalle shi. Bai yi ƙarya ba da ya ce da mai aka gina shi, kuma gaskiya ne ƙwayar daji tana da tsananin buƙatarsa. Inda ya ɓata shi ne da ya ɗauka daga tukunyar miyarku kaɗai take samo man, kuma wannan kuskuren yana iya cin ran mutum, shi ya sa zan bi miki abin daki-daki.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, abin da ake ce wa sel, sun haura tiriliyan 30, kuma kowace ɗaya a naɗe take cikin wani tantani. Kin san wannan farin tantanin da ke manne a cikin ɓawon ƙwai? To shi ma katafila ne in aka haɗa da wanda nake faɗa miki, don sai kin jera kusan dubu goma a kan juna kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Da wani irin mai aka yi shi, sunansa fosfolifid, halittarsa kai ɗaya ne mai son ruwa da jela biyu masu gudun ruwa. In suka sami kansu cikin ruwa da kansu suke jeruwa sahu biyu, jela tana fuskantar jela a tsakiya inda ruwa ba ya kaiwa, kawuna kuma suna kallon ruwan ciki da na waje. Tun 1925 wasu masana biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso man da ke jikin jajayen ƙwayoyin jini suka shimfiɗa shi a kan ruwa suka auna, sai suka ga faɗinsa ya ninka faɗin ƙwayoyin sau biyu, daga nan aka fara gane ninki biyu ne. A 1972 kuma Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa ba sandararren bango ba ne, ruwa-ruwa yake, furotin iri-iri suna yawo a cikinsa, wasu ƙofofi ne na shigo da abinci, wasu famfo ne na fitar da shara, wasu kuma eriya ce mai kama saƙo daga waje. Akwai kolestarol a tsakankanin jelolin yana daidaita shi, kar ya yi ruwa da yawa kar ya daskare.

Yanzu ki duba lissafin ƙwayar daji. Aikinta ɗaya ne, ta rabu biyu, biyun su zama huɗu, ba tsayawa. Ƙullutu mai faɗin santimita ɗaya, wanda bai fi girman gujiya ba, ana ƙiyasta ƙwayoyin cikinsa sun kai kusan biliyan ɗaya. Kamar magidanci ne da yake ta raba filinsa ga 'ya'ya, duk wanda aka yanka wa nasa sai an ja masa katanga, kuma ba katangar waje kaɗai ba, har da bangon ɗakuna, don a cikin sel ɗin ma akwai ɗakuna-ɗakuna kowanne da tantaninsa, har ma a ƙwayar hanta an auna an ga tantanin waje bai wuce kashi 2 cikin 100 na duka tantanin da take da shi ba. Kin ga duk rabuwa ɗaya sai an ninka wannan duka. Tambayar ita ce ina take samo tubalin.

Lafiyayyar ƙwaya a jikin babba yawanci ba ta wahalar da kanta, man da ke yawo cikin jini take ɗauka, wanda aka ci ko wanda hanta ta sarrafa. Tana da injin ƙera mai amma kusan a kashe yake, in ban da hanta da kitsen jiki da nonon mace mai shayarwa, su ne ke kunna shi sosai. Ƙwayar daji sai ta je ta kunna nata. A 1953 Sidney Weinhouse da abokan aikinsa a Filadelfiya suka nuna yankakken naman ciwon daji yana ƙera mai da kansa daga gulukos, wato sugan da ke yawo a jini. Abin ya kwanta shekaru ba a bi ta kansa sosai ba, sai 1994 Francis Kuhajda a jami'ar Johns Hopkins ya bi diddigin wani furotin da ake yawan gani a dajin nono mai saurin yaɗuwa, ashe injin ƙera man ne kansa, wanda ake kira FASN. Yadda yake aiki, gulukos ya shiga a farfasa shi, wani ɓangare ya fito a matsayin guntaye masu kabon bibbiyu, FASN ya ɗauki guntaye takwas ya ƙulla su ya fitar da sarƙa mai kabon 16, ita ce falmitik asid. Ki riƙe sunan nan za mu dawo kansa. Daga ita ake tsawaitawa a lanƙwasa a liƙa mata kai, ta zama fosfolifid, a kai bakin gini.

Wato ko ɗigon mai bai shiga bakin Hajiya ba, ciwon yana iya ƙera nasa daga sitacin tuwo ko shinkafa. Na san abin da za ki ce, to ai shi ya sa na rage tuwon ma na hana suga. Nan ma akwai ƙwayar gaskiya a ciki. Wani Bajamushe, Otto Warburg, tun a shekarun 1920 ya lura ƙwayoyin daji suna zuƙar gulukos fiye da kima, kuma ba sa ƙona shi ƙurmus ko da akwai oksijin, sai su ɗan fasa shi su zubar da sauran a matsayin laktet. In an ƙona gulukos ɗaya har ƙarshe ana samun kusan ATP 30, wato kuɗin makamashin sel, ta hanyar da suke bi kuwa 2 kacal ake samu. An daɗe ana mamakin wannan almubazzaranci, sai daga baya aka fahimci wanda yake gini ba ya cusa azararsa a murhu, ita ƙwayar daji kabon ɗin take so ta yi katanga da sauran kayan ɗaki da shi. Saboda haka take cika tantaninta da ƙofofin shigo da gulukos, kuma wannan haɗamar ce ma ake amfani da ita a hoton PET, a yi wa mutum allurar gulukos mai alama, duk inda ciwon yake sai ya haska.

Amma suga da ke cikin kofin shayi daban, suga da ke cikin jini daban. Jiki ba ya yarda gulukos ɗin jini ya faɗi ƙasa, don ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kusan giram 120 a rana, in ya faɗi sosai mutum suma zai yi. In Hajiya ba ta ci ba hanta za ta ƙera shi, kuma kin san da me? Da naman cinyarta da na damtsenta, ta warware furotin ɗin tsoka ta mayar da shi gulukos, har laktet ɗin da ciwon ya zubar ma hanta tana kwasowa ta kashe makamashin Hajiya ta sake mayar da shi gulukos ya koma wa ciwon. Shi kuma da yake ya fi kowa yawan ƙofofi shi ne zai fara ɗiba. To wa aka sa wa yunwa kenan?

Kuma ko an ce gulukos ya yi ƙaranci, ba shi kaɗai ne hanyarta ba. Tana iya ƙera mai daga gulutamin, wanda ya fi kowane amino asid, wato tubalin furotin, yawa a jini, tana iya yi daga asitet. A 2013 wasu masana a Niyok suka nuna ƙwayoyin dajin da ke da matsalar wani furotin mai suna RAS, irin na fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, suna lanƙwasa tantaninsu su kurɓi ruwan da ke kewaye da su gaba ɗaya da furotin ɗin cikinsa, su narkar a ciki su ci. Sannan ga sata daga maƙwabta, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro da na fara karanta ta. Kin san kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe da tumbi da hanji, wanda ake shimfiɗawa a kan rago ranar layya in an tsire shi a bakin wuta? Mutum ma yana da shi, kuma dajin ƙwan mace in zai yaɗu nan yake fara nufa, sau da yawa ana kawo min shi ya daskare ya yi tauri kamar faifai, maimakon ya yi laushi. A 2011 ƙungiyar Ernst Lengyel a Chicago suka nuna ƙwayoyin dajin suna sa ƙwayoyin kitsen da ke wurin su saki man da suka adana, su kuma su kwashe. Da ɗan gari akan ci gari. Nono kuwa, musamman na mace mai shekaru irin na Hajiya, yawancinsa kitse ne, ciwon a tsakiyar rumbu yake zaune.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Akwai wani irin dajin ƙoda, shi ne ma mafi yawa a manya, in aka kawo ƙodar na sa wuƙa na tsaga ta biyu sai ki ga ciwon rawaya shar kamar man shanu, da ɗigon jini nan da can, ya bambanta da jan naman ƙodar da ke gefensa. In aka sarrafa shi aka wanke da sinadaran da muke amfani da su, man sai ya narke ya bi su, to da na duba a madubi sai in ga ƙwayoyi fayau kamar babu komai a cikinsu, sai tantanin kawai ya zagaye fili. Na taɓa samun irin wannan daga jikin wani dattijo da takardarsa ta nuna ya rame ƙwarai kafin a yi masa aiki, shi ba kitse a jikinsa, amma ciwonsa cike yake taf da mai. Ranar na daɗe zaune a gaban madubin.

Irin wannan ramar suna gare ta a likitance, kakeksiya, kuma ciwon ne da kansa yake sakin sinadarai da ke narkar da kitse da tsoka, ya kashe sha'awar abinci. Hatsari ce babba, tana cikin abubuwan da ke kai masu ciwon daji ƙasa. Kuma ta shafi kemo kai tsaye, don da nauyi da tsawo ake lissafa yawan maganin, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini, in fararen ƙwayoyin jini ko jajayen sun yi ƙasa sai a ce ku koma gida sai wani satin. Su ma ƙwayoyin jinin nan a ɓargo ake ƙera su kullum, biliyoyi, kowace tana buƙatar tantani, haka ƙwayoyin da ke shimfiɗe cikin hanji da baki waɗanda kemo ke ƙonawa. Kin ga in kika hana mai da furotin su ne za su rasa tubali, shi ciwon yana da hanya uku ko huɗu. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Maganar manja kuwa ina jin na san inda mai bidiyon ya samo ta. A 2017 wata ƙungiya a Basalona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin Salvador Aznar Benitah, suka dasa ƙwayoyin dajin baki na mutum a jikin ɓeraye, suka gano waɗanda ke fara yaɗuwa zuwa wasu sassa suna da wata ƙofar shigo da mai a tantaninsu mai suna CD36 da yawa, in aka ba ɓerayen abinci mai maiƙo sosai yaɗuwar ta ƙaru, in aka toshe ƙofar da magani ta ragu ƙwarai. A 2021 suka sake nuna falmitik asid ce ke yin hakan fiye da man zaitun, kuma manja kusan kashi 44 cikin 100 falmitik asid ne, daga sunan kwakwar manja ma aka samo sunanta. Aiki ne mai kyau kuma ina girmama shi. Amma ɓeraye ne aka ɗura wa mai a keji, kuma abin da masanan suka fito da shi shi ne a nemi maganin toshe CD36, shi suka sa a gaba. Sannan ki tuna falmitik asid ɗin nan ita ce dai wadda na ce miki FASN yana ƙerawa daga sitaci, tana cikin nama da nono da man shanu, har nonon uwa. Cokali ɗaya ko biyu na manja a tukunyar miyar gida ba shi ne abin da aka gwada ba.

In kina so ki ga wahalar datse wa ciwon nan hanya, ki dubi abin da masu magani suka sha. An yi maganin da ke kashe injin FASN kai tsaye, sunansa denifanstat, an gwada shi a masu ciwon daji, illar da aka fi gani ita ce bushewar fata da ido da zubewar gashi, don nan ne jiki ke ƙera maiƙo, amma shi kaɗai bai zama maganin daji ba, ciwon in an rufe masa masana'anta sai ya koma ɗiba daga jini. Ga kuma labarin RAS, furotin ne da yake lalace a kusan ɗaya cikin biyar na cututtukan daji, kamar makunni ne da ya maƙale a kunne yana ta ba da umarnin a rabu. Ba ya aiki sai ya manne a cikin tantani, kuma da wata jelar mai ce mai kabon 15 yake mannewa, wadda ake samu daga hanyar da ake ƙera kolestarol. Masana suka ce shi kenan, a hana liƙa masa jelar. Aka yi magunguna aka kai su manyan gwaje-gwaje a farkon shekarun 2000, a dajin hanji da na fankiriyas, ba su yi aiki ba, ashe in aka hana shi mai kabon 15 sai wani enzayim ya liƙa masa mai kabon 20 ya ci gaba da harkarsa. Haka a Birtaniya aka haɗa wa masu wani irin dajin huhu sama da 800 maganin rage kolestarol ko na bogi tare da kemo, sakamakon ya fito a 2017, bai ƙara musu kwana ba. To abin da ƙwayar magani da aka ƙera musamman ta kasa, miya ba mai ba za ta yi shi ba.

Amma akwai inda ilimin tantanin nan ya yi nasara sosai, kuma ya shafi Hajiya kai tsaye, nan nake so ki sa ƙarfinki. Cikin eriyoyin da ke jikin tantani akwai wata mai suna HER2, mai kama saƙon a girma a rabu. Lafiyayyar ƙwayar nono tana da kamar dubu 20, a wasu cututtukan dajin nono kuwa, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, tana iya kaiwa miliyan biyu a ƙwaya ɗaya, sun cushe har suna kunna junansu ba tare da wani saƙo ya zo ba. Dennis Slamon a Los Anjelis ya nuna a 1987 cewa masu irin wannan ciwonsu ya fi saurin dawowa, a 1998 aka amince da maganin trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, yana zuwa ya kama eriyar daga waje, kuma ya canza labarin matan nan ƙwarai. Gwajin HER2 ɗin a teburina ake yi. Ana zuba wa yankan naman wani rini, in HER2 ta yi yawa sai ki ga kowace ƙwaya an zagaye ta da layi ruwan ƙasa mai duhu, ba yankewa, gaba ɗaya hoton ya koma kamar wayar kejin kaji, wannan shi ne 3+, tantanin ne kike gani da idonki. In 0 ne ko 1+ ana ɗaukar sa babu, in 2+ ne sai an ƙara wani gwajin a tabbatar. Tare da shi ake duba ER da PR, su a cikin ƙwayar suke ba a tantani ba, su ke nuna ko maganin hana sinadarin mata irin tamoxifen zai yi mata amfani. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake fara wa mata da yawa magani ba a yi gwajin nan ba, wani lokaci rashin kuɗi, wani lokaci an cire ƙullutun an miƙa wa dangi a leda sun je sun binne, ko an bar shi awanni a tire kafin a sa a fomalin, ruwan da ke hana nama lalacewa, alhali ƙa'ida cikin awa ɗaya ne, in ya wuce furotin ɗin ya fara lalacewa gwaji ya fito ba daidai ba.

Abu na ƙarshe kan tantani, saboda na san bayan masu bidiyo sai masu sayar da kwalabe su iso. Kin san yadda ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa in ya daɗe yake canza wari ya yi ɗaci? Iska ce ta ci man. Tantanin sel ma haka na iya samunsa, musamman in akwai sinadarin ƙarfe irin na cikin jini a kusa, man ya lalace tantanin ya yage ƙwayar ta mutu, a 2012 Brent Stockwell da Scott Dixon a jami'ar Columbia suka raɗa wa irin wannan mutuwar suna ferotosis. Ƙwayoyin dajin da suka shiga jini da yawa haka suke mutuwa a hanya. A 2020 masana a Dallas suka nuna a ɓeraye cewa ƙwayoyin dajin fata da suka fara bi ta ruwan kaluluwa, inda ƙarfe bai da yawa kuma akwai wani mai da ba ya saurin lalacewa, suna sauya man tantaninsu da shi, sai su fi jure tafiya cikin jini daga baya, wannan yana cikin bayanin da ake bayarwa kan yadda ciwo ke yawan yada zango a kaluluwar hammata. Ma'anarsa lalacewar man tantani wani lokaci taimakonmu take yi, kuma ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake tallatawa da sunan masu hana wannan lalacewar suna iya ba ciwon garkuwa. Ba zato ba ne kawai, a Finlan an ba dubban maza masu shan taba sinadarin beta karotin da niyyar kare su, sakamakon 1994 ya nuna dajin huhu ƙaruwa ya yi a cikinsu. Karas da zogale da alayyahu a abinci ba matsala, ta ci, amma duk wata kwalba ko garin da aka kawo mata ki ɗauka ki nuna wa likitan da ke ba ta kemo kafin ta sha.

Game da abincin, ki ba ta abin da ranta ke so kuma cikinta ya karɓa, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana tunda kemo na kawo tashin zuciya. Kunun gyaɗa da madara, ƙwai dafaffe, alale, farfesun kaza ko kifi, wake, fura da nonon da aka tafasa, awara, tuwo da miya da manta yadda aka saba yi a gidan. Gyaɗa da masara ki tabbatar ba waɗanda suka yi fumfuna ba ne, don gubar cikinsu tana cutar da hanta. Komai ya dahu sosai, tunda garkuwar jikinta ta yi ƙasa yanzu. In tana da ciwon suga wannan daban ne, sai a bi tsarin da likitanta ya ba ta. Lemon kwalba da alewa ba na cewa a cika ta da su, suna cika ciki ba su gina komai, amma cokalin suga ko zuma a kunu in shi ne zai sa ta shanye kofin to ki sa mata.

Ke kuma da ƙannenki mata, ku maganar kitse ta fi shafa, ta wata fuskar. Hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta tabbatar a 2016 cewa ƙiba mai yawa tana da alaƙa da ciwon daji iri 13, ciki har da na nono bayan ɗaukewar al'ada, saboda kitsen jiki yana ƙera sinadarin mata kuma yana ɗaga insulin na tsawon shekaru. Wannan aikin rigakafi ne na mai lafiya, a hankali ake yin sa, tare da duba nono da zuwa asibiti da wuri in an ji wani abu.

Ranar da za ku koma asibiti ki gaya wa likita duk abin da kika cire mata da tsawon lokacin, kar ki ji kunya, da niyyar alheri kika yi kuma ba ke kaɗai ce bidiyon nan ya kama ba. Ki roƙi a ɗora ta a sikeli a gwada da nauyinta na ranar da aka fara kemo, don in ta sauka da yawa sai an sake lissafin maganin, ki kuma tambaya ko akwai mai ba da shawara kan abinci a asibitin. Sannan ki ɗauko takardar sakamakon naman da aka duba, ki nemi inda aka rubuta ER da PR da HER2. In babu su, ki ce a nemo ɗan kaskon kakin da aka adana naman a ciki a ɗakin gwaji, ana ajiye shi shekaru kuma da shi ake yin gwajin ba sai an sake yanka ta ba. In kin samu takardar ki rubuto min abin da ke jiki, ban da sunanta, in sha Allah zan fassara miki layi-layi.